Kallon batsa da faɗuwar gaba: amsa ga wani matashi a Jos

Tambaya: Baba Fasto, ni saurayi ne ɗan shekara 26, ina zaune a Tudun Wada, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa a ikkilisiyarmu. Tun ina sakandare na fara kallon bidiyon batsa a waya. Na yi azumi, na sha yi wa Allah alkawari ina karyawa. Yanzu kuma ga faɗuwar gaba, barci ba ya zuwa, wani lokaci zuciyata ta riƙa bugawa kamar zan mutu. Anya Allah bai gaji da ni ba? Me zan yi?

Amsa: Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Bari in fara da wadda ta fi ci maka rai. Allah bai gaji da kai ba, kuma ba lallashinka nake yi ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ranar da aka kai shi gicciye ya riga ya san daren jiya, ya san na makon jiya, bai fasa ba. Alkawarin 1 Yohanna 1:9, cewa in mun furta zunubanmu zai gafarta mana ya tsarkake mu, masu bi aka rubuta wa, mutanen da suka riga suka yi baftisma suna zuwa sujada. Da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, Yesu ya ce masa bakwai har sau saba'in. Wanda ya ɗora wa ɗan Adam wannan ma'auni, nasa ba zai gaza haka ba.

Ba kuma zan ce maka abin ba komai ba ne. Zunubi ne, Matiyu 5:28 ba ta bar wurin gardama ba, kuma waɗanda kake kallo 'ya'yan wasu ne da aka halitta cikin kamannin Allah, wasunsu ma talauci ko tilas ne ya kai su gaban kyamara. Amma wannan ka riga ka sani, shi ya sa ba ka barci. Ƙara maka wa'azi a kan munin abin ba zai ƙara maka komai ba sai tsoro, tsoron kuwa yana cikin abin da ke mayar da kai can.

Ka kawo mini kallon batsa da faɗuwar gaba kamar matsala biyu. A aikin ba da shawara da nake yi da matasa, yawanci abu ɗaya nake tararwa, kowane ɓangare yana ciyar da ɗaya. Duba yadda daren yake tafiya. Ƙarfe sha ɗaya, an ɗauke wuta, sanyin hunturu ya kora kowa ɗaki. Ka shiga bargo, tunani ya taso: kuɗin haya, aikin da ba a kira ka ba, tsaranka da suka yi aure. Ƙirji ya yi nauyi. Ka ɗauki waya don ka ɗan rage dare, ba da wata mummunar niyya ba. Daga Facebook ka zarce TikTok, wani hoto ya gifta, ka tsaya a kansa, ga garaɓasar data ta dare mai arha. Bayan awa biyu kana goge tarihin abin da ka buɗe, kana jin ƙyamar kanka. Safiyar Lahadi ka sa rigar mawaƙa, kana rera waƙa kana satar kallon dattawa, kana cewa a ranka da sun sani. Wannan zullumin shi za ka kwana da shi, kuma ka riga ka koya wa jikinka hanya ɗaya tak ta kashe zullumi.

Akwai bayanin wannan a halittar ƙwaƙwalwa. Duk abin da ya ba mutum daɗi ko sauƙi nan take, ƙwaƙwalwa tana yi masa alama da wani sinadari da ake kira dofamin, wanda aikinsa ya tura ka ka sake nema. Ba abin kaɗai take riƙewa ba, har da lokacin, da wurin, da halin da zuciya take ciki. Shi ya sa bayan shekaru, gado da duhu da waya da kaɗaici sun isa su tayar da sha'awar kafin ka yi shawarar komai. Tamkar ƙazwa ce: susa tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, tana kuma faɗaɗa gyambon da zai sa ka ƙara susa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta san da wannan. A kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022 ta sa matsalar kasa riƙe kai a sha'anin jima'i, inda mutum ya yi wata shida ko fiye yana ƙoƙarin dainawa yana kasawa, abin kuma yana ɓata masa aiki, karatu ko zama da mutane. Kundin ya yi wata togaciya mai amfani, cewa jin laifi kaɗai saboda abin ya saɓa wa imanin mutum bai isa a kira shi ciwo ba. Wato likita yana auna ɓarnar da abin ya yi wa rayuwarka, mu kuma muna duban tsayuwarka a gaban Allah. Kana bukatar idanun biyu.

Na san za a samu wanda zai ce maka aljana ce ta aure ka, a kai ka addu'ar dare a fitar. Ban musanta cewa muna da magabci ba, 1 Bitrus 5:8 ta faɗa. Amma Yakubu 1:14 ta ce sha'awar mutum ce take jansa ta yaudare shi. Matashin da aka gaya wa aljani ne a jikinsa, aka yi masa ihu a ka har asuba, ya koma gida bayan mako ɗaya ya sake faɗuwa, yakan fito da tsoro biyu maimakon ɗaya: ga tsohon halinsa, ga kuma tunanin cewa addu'a ma ba ta kama shi. Ban ga amfanin wannan ba.

Yanzu batun alkawuran da kake karyawa. Ka lura da lokacin da kake yin su: minti biyar bayan faɗuwa, kunya tana cin ka. A lokacin da gaske kake, amma alkawarin ba ya canza komai a ɗakin. Waya tana inda take, dare yana nan zuwa, damuwar ba ta tafi ba, kuma har yanzu kai kaɗai ka sani. Manzo Bulus ya ce a Kolosiyawa 2:23 dokokin da mutum ke ƙaƙaba wa kansa da azabtar da jiki suna da kamannin hikima, amma ba sa hana sha'awar jiki. Shi ne kuma a Romawa 7 yake kukan cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Kada ka tsaya a nan. Sura ta 8 ta buɗe da cewa babu hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ba a ce babu hukunci ga wanda ya yi kwana arba'in bai kalla ba. Da yawa sun juya tsarin, suna so su tsabtace kansu tukuna sannan su matso wurin Allah, alhali matsowar ce ke kawo tsarkin. Titus 2:11-12 ta ce alherin Allah ne yake koya mana ƙin mugayen sha'awace-sha'awace. Alheri ne malamin, ba fargaba ba.

Shi ya sa ban cika son ƙidayar kwanaki ba. Mai ƙidaya in ya faɗi a rana ta talatin sai ya ga komai ya rushe, ya ce tunda na riga na ɓata bari in ƙarasa, faɗuwar dare ɗaya ta zama ta mako guda. Baƙin ciki iri biyu ne, in ji 2 Korintiyawa 7:10, akwai mai kai ga tuba, akwai mai kai ga mutuwa. Bitrus da Yahuza duk sun ci amanar Ubangiji a dare ɗaya, duk sun yi nadama. Yahuza ya ɗauki tasa ya keɓe, Bitrus ya yi kuka mai zafi ya koma cikin 'yan'uwa, a can Yesu ya same shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ka yi, wanda kuma na san shi ka fi gudu. Ka gaya wa mutum guda, ido da ido. Karanta Zabura 32:3-4 ka ji Dawuda yana kwatanta lokacin da ya yi shiru da zunubinsa: ƙasusuwansa sun ruɓe, yana nishi dukan yini, ƙarfinsa ya ƙafe. Ai alamun da ka lissafa mini ke nan. Rabin faɗuwar gabanka tsoron tonon asiri ne, kuma ranar da wani mai tsoron Allah ya ji komai bai guje ka ba, wannan rabin zai fara sauka. Gafara wurin Allah take, ba ka bukatar kowa ya tsaya tsakani. Amma Yakubu 5:16 ta haɗa furta wa juna laifi da warkewa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sai dai a zaɓi mutumin da hankali. Namiji ne, wanda ya girme ka a shekaru da bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin maganar wani a bakinsa ba. Ba budurwarka ba, kayan sun fi ƙarfin a ɗora mata ita kaɗai. Ba dandalin WhatsApp na matasa ba. Ba kuma a tsaye gaban jama'a lokacin shaida ba. In ka zauna da shi kada ka ce "ina fama da wata 'yar jaraba", ka kira abin da sunansa: "Baba, ina kallon batsa a waya tun ina sakandare, na kasa dainawa, ina so ka riƙa tambayata." Ku sa rana ɗaya a mako, ko da minti goma ne bayan koyon waƙa. Kuma ku yi yarjejeniya za ka kira shi lokacin da abin ya taso, ba sai bayan an gama ba.

A nan ina da magana da 'yan'uwana fastoci da dattawa da za su karanta wannan. Yaranmu suna ɓoyewa ne don sun ga abin da ake yi wa wanda asirinsa ya tonu: sanarwa daga bagade, bencin baya, gulma a bakin ƙofa. Horon ikkilisiya yana da wurinsa ga mai taurin kai. Amma wanda ya kawo kansa yana kuka, Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da shi cikin tawali'u, mai komowar kuma ya kula da kansa. In muka kunyata na farko da ya zo, na biyu ba zai zo ba har abada.

Sai kuma gudu. Littafi Mai Tsarki ya ce a yi tsayayya da Iblis, amma da ya zo kan fasikanci, 1 Korintiyawa 6:18 cewa ta yi a gudu. Yusufu bai tsaya yi wa matar Fotifar wa'azi ba, rigarsa ya bari a hannunta ya fice. Dawuda kuwa, a lokacin da sarakuna ke fita yaƙi ya zauna a gida, da yamma ya tashi daga gado yana zagaya kan soro ba aikin fari ba na baƙi, daga nan ya hango Batsheba. Kai soronka a tafin hannunka yake. Don haka waya ba za ta ƙara kwana a ɗakinka ba. Ƙarfe tara ka sa ta caji a falo ko ɗakin ɗan'uwanka. In ka ce da ita kake tashi da safe, sayi agogo a Terminus. In ka ce da ita kake karanta Littafi, ɗauko na takarda. Ka daina sayen data ta dare, ka fita daga duk dandalin Telegram ko shafin da ka san nan ne ƙofar. Wayoyin Android da iPhone duk suna da wurin taƙaita shafuka da lokaci, ka kunna, amma lambar sirrin ta zauna a hannun wancan dattijon. In duk wannan bai riƙe ba, ka koma ƙaramar waya mai tocila na wata uku. Za a yi maka dariya, ba komai. Wanda ya ce in idonka yana sa ka tuntuɓe ka ƙwaƙule shi, ba zai ga ajiye babbar waya ya yi tsanani ba.

In sha'awar ta taso, ka sani ba ta dawwama. Takan hau ta kai ƙololuwa ta sauka in ba a ciyar da ita ba. Kada ka kwanta kana kokawa da ita cikin duhu, a nan ta fi ka ƙarfi. Tashi, buɗe ƙofa, fita tsakar gida sanyin Jos ya buge ka, kira mutuminka, yi addu'a da murya. Kuma ka tambayi kanka me ya faru yau, domin sau da yawa za ka tarar ba sha'awa ce ta fara ba, wulaƙancin da aka yi maka ne da rana, ko gajiya, ko kaɗaici. Wurin da ka share kuma a cika shi. Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka bar shi fanko, mugun ruhun da ya fita ya dawo da bakwai da suka fi shi mugunta. Ƙwallo da yamma, koyon sana'a, ziyarar marasa lafiya, hawan duwatsun Shere da abokai ranar Asabar, duk abin da zai sa ka isa gado a gajiye kuma ka yini cikin mutane.

Ba kai ne farau ba. Agustin, wanda ya zama bishof na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya faɗa da bakinsa cewa yana saurayi yakan roƙi Allah tsarkin jiki amma ya ƙara da "ba yanzu ba". Sai a shekara ta 386, yana da shekara 31, ya karanta Romawa 13:13-14 a wani lambu a Milan ya miƙa wuya. Ayar ta ce a yafa Ubangiji Yesu Almasihu, kada kuma a yi wa jiki tanadin biyan sha'awarsa. Data ta dare tanadi ce.

Yanzu faɗuwar gaban kanta, domin in aka rufe waya aka bar ta, za ta nemi wata ƙofa, giya ko caca ko ƙwaya. Kada ka yarda a ce maka rashin bangaskiya ne kawai. A Getsamani Ubangijinmu ya ce ransa yana baƙin ciki har ga mutuwa, ya roƙi abokansa uku su zauna kusa. Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Duba 1 Sarakuna 19 ka ga abin da Allah ya fara yi masa: ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, sai daga baya aka yi magana. Filibiyawa 4:6-7 da ake yawan jefa wa masu damuwa kamar tsawa, daga kurkuku Bulus ya rubuta ta, kuma hanya ce ya nuna: a faɗa wa Allah abin dalla-dalla, a roƙa, a haɗa da godiya. Gwada shi da biro. Kafin ka kwanta rubuta abubuwan da ke damunka ɗaya bayan ɗaya, wanda akwai abin yi a kansa gobe ka rubuta abin yin, wanda ya fi ƙarfinka ka karanta wa Allah shi ka rufe littafin. Sannan Zabura ɗaya da murya, ta 4 ko ta 121 ko ta 130.

Akwai kuma abin da mu mutanen Jos ba mu cika faɗa ba. Mai shekarunka yana yaro aka yi rikicin 2008 da na 2010, ya kwana cikin dokar hana fita, wataƙila ya gudu da dare a hannun uwarsa. Jikin da ya tashi a haka yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana ko da gari lafiya. In akwai irin wannan a tarihinka, ka faɗe shi ga wanda zai taimake ka.

Bugun zuciyar da ka ce kamar za ka mutu, ya yi kama da abin da likitoci ke kira farmakin firgita: jiki ya saki sinadarin gudun haɗari ba tare da haɗari ba, zuciya ta yi sauri, numfashi ya sarƙe, hannu ya yi gumi ko rawa. Yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti goma sannan ya lafa, kuma shi kansa ba ya kisa. In ya zo, zauna, ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Amma ni ba likita ba ne, kuma hawan jini, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna iya kawo irin wannan. Je a auna ka. Asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko ka fara da ganin likita a asibitin Jankwano ya tura ka inda ya dace. Zuwa can ba hauka ba ne. Mun daɗe a ƙarƙashin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, sai a 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, amma tunanin mutane bai gama sauyawa ba, kada ka jira shi. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus ma ƙaunataccen likita yake kiransa. In an rubuta maka magani, irin waɗannan sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kada ka yanke da kanka. Kada kuma ka je kemis ka sayi maganin barci ko tiramadol, sabon kamu za ka ƙara a kan tsohon. Rage kofi, goro da lemon ƙara kuzari, musamman daga azahar. In kuwa tunanin kashe kanka ya taɓa zuwa maka, wannan ba ya jiran Lahadi: a ranar ka gaya wa wani, a ranar a raka ka asibiti.

Mai yiwuwa ka sake faɗuwa. Ba izini nake ba ka ba, ina so ne ranar ta same ka da shiri. A daren ka furta wa Allah, da safe ka gaya wa dattijonka, ku duba tare ta wace ƙofa abin ya shigo ku toshe ta. Kada ka ƙaurace wa sujada don kunya. Jibin Ubangiji na masu tuba ne, ba na waɗanda suka gama yaƙi ba. Game da ci gaba da waƙa, ku yanke shawarar da wanda ka gaya wa, amma ni ban ga dalilin sauke mai tuba da ke tafiya cikin haske ba. Ci gaba kuma ga yadda ake gane shi: tazara tana ƙaruwa, ɓoyewa tana raguwa, kana saurin tashi, kana fara ganin 'yan mata a matsayin 'yan'uwa.

Abokai za su ce maka ka yi aure abin ya wuce. Aure abu ne mai kyau, amma ba ya warkar da wannan, domin ba rashin mace ne ya kawo shi ba. Akwai magidanta da 'ya'ya da suke zuwa da irin tambayarka, matansu kuma suna zargin kansu a banza. Fara aikin tun yanzu, in kuma maganar aure ta kankama, ka gaya wa yarinyar gaskiya a gaban mai ba ku shawarar aure kafin a sa rana.

In ka duba ikkilisiyarku ka rasa wanda za ka amince wa, ba dole sai a can ba. Jos cike take da fastoci da malaman makarantun tauhidi, irin su JETS a cikin Jos da TCNN a Bukuru, kuma asibitoci suna da masu ba da shawara da aikinsu ya wajabta musu riƙe sirri. Zaɓi ɗaya cikin wannan makon ka nemi ganinsa, ka kuma sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.